Yadda za ka gyara sabis ɗin data a mota in kana yawan bin hanya

Duk mai yawan tafiya ya san wannan abin, kana fita gari ka wuce gidan mai na ƙarshe sai 4G ya koma H+, can gaba ya koma E, daga nan kuma sai dai wayar ta yi ta juya ɗan zoben nan ba gaba ba baya. Ni sana'a ce ta jefa ni ciki, ina bin kasuwannin ƙauye sayen riɗi da wake, kuma yanzu rabin cinikin da taransfa ake yi, mutum ya auna maka buhu goma yana tsaye a kanka yana jiran alat kai kuma kana ta ɗaga waya sama kamar mai duban watan Sallah. Da abin ya ishe ni busta na fara saya, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, wani mai shago ya rantse min ko a tsakiyar daji zan kalli bidiyo, kuɗina suka tafi a banza. Sai daga baya na gane ta ƙarshe na fara. Abin da ya fi aiki shi ne eriya a saman mota da gajeren kebul mai kyau zuwa rauta, akwatin nan da ake sa wa layi ya raba data ta wayifai, busta kuwa sai in komai ya gaza.

Kafin ka sayi ko allura, fara da aunawa, kuma ka daina yarda da sandunan nan huɗu ko biyar na saman waya domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Lamba ake dubawa. A Android ka shiga Settings, About phone, SIM status, za ka ga wata lamba mai alamar ɗebewa a gaba da dBm a baya. A Samsung *#0011# na nunawa, a iPhone kuma *3001#12345#* za ka danna kamar kira, ko ka sauke manhaja irin Network Cell Info Lite ka huta. Wanda ake kira RSRP shi ne ƙarfin sabis ɗin 4G: -80 lafiya lau, -100 ana lallaɓawa, -110 an fara wahala, -120 kuma sai addu'a. Kowane dB 3 da ka samu ƙarfin ya ninka biyu, dB 10 kuwa ninki goma ne, don haka tashi daga -112 zuwa -102 ba ƙaramin abu ba ne ko da sandunan ba su motsa ba. Akwai kuma SINR, shi tsaftar sabis ɗin yake nunawa, in ya kusa sifili ko ya faɗa ƙasa da shi to hayaniya ta yi yawa a iska.

Yanzu yi wannan gwajin a wurin da ka saba shan wahala. Duba lambar kana zaune cikin mota gilasai a rufe, sai ka fito ka ɗora wayar kan rufin motar ka ba ta kamar minti ɗaya ka sake dubawa. Bambancin da ka gani shi ne abin da jikin motarka ke cinyewa, don mota akwatin ƙarfe ce, sabis ta gilashi kawai yake shiga, in kuma gilashin an liƙa masa baƙar ledar nan mai ƙarfe a ciki to an ƙara toshe ƙofar. In a waje lambar ta gyaru sosai, eriya za ta yi maka aiki. In kuwa a waje ma babu komai sam, ajiye kuɗinka. Babu na'urar da ke ƙirƙiro sabis, wanda ke akwai take kamawa. Lokacin da aka kashe turakun sabis a Zamfara a Satumbar 2021 mutane wata jiha suke tafiya su yi waya, da eriya na magani da ba su je ba. Haka in janaretan turken ne ba mai. Haka ranar kasuwa, sabis ya cika taf amma data ba ta motsi saboda mutum dubu sun rataya a turke ɗaya, wannan cunkoso ne, maganinsa layin wani kamfanin a aljihu. Ni layi biyu nake yawo da su kullum.

Wayoyin yanzu ba su da ramin da ake jona eriya, shi ya sa dole ka koma kan maifai, wato 'yar ƙaramar rauta mai batiri, ko babbar rauta, ka sa layin data a ciki, wayoyinku da na'urar POS su hau wayifai ɗinsa. Amma ba kowane maifai ba, juya shi ka duba ko yana da ramukan eriya, galibi guda biyu ne a ƙarƙashin wani ɗan murfin roba. Huawei E5577 yana da su, ƙanana ne ana ce musu TS9. Manyan rauta irin B315 da B525 nasu SMA ne mai zare kamar noti, kuma shi na fi so a mota don TS9 turawa kawai ake yi, rami biyu uku a hanyar burji ya zame ba ka sani ba. Akwai CRC9 mai kama da TS9 kamar an tsaga kara amma ba ya zama daidai, akwai kuma RP-SMA na eriyar wayifai wanda zai ɗauru tsaf alhali ba allura a tsakiyarsa, wato ba abin da ya haɗu. Tafi da rautarka shago, ko Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja, a gwada a gabanka. Ka kuma tabbata buɗaɗɗiya ce tana ɗaukar kowane layi.

Sai batun band, wato mitar da kamfani ke watsa 4G ɗinsa a kai. A Najeriya za ka ji band 3 mai 1800, band 7 mai 2600, band 20 mai 800 da band 28 mai 700. MTN ta samu 800 ne ta hanyar sayen Visafone a 2016, Glo kuma an san ta da 700. Abin riƙewa shi ne ƙaramar lamba ta fi tafiya nesa ta fi ratsa bishiyoyi, don haka matafiyi 700 da 800 ne abokansa, 2600 na cikin gari ne, 5G ɗin nan mai 3500 kuwa kar ma ka sa shi a lissafin hanya. Rautar da aka kawo ta hannu daga wata ƙasa tana iya rasa band 20 ko 28 gaba ɗaya, karanta bayan kwalin. Eriyar ma a rubuce take, nemi mai ɗaukar daga 698 zuwa 2700.

Eriya iri biyu ce. Ta tafiya ita ce mai kama ta kowane gefe, 'yar sanda ko mai kamar ƙwarya a kife, da mayen ƙarfe a gindi. Tsakiyar rufi za ka ɗora ta domin ƙarfen rufin yana cikin aikinta, ba bakin ƙofa ba, ba kusa da kariyar kaya ba. In motarka irin wadda ake lafta wa buhuna a sama ce to sai an yi mata ɗan tsani ta fi kayan tsawo, buhun wake ma katanga ne. Gaskiyar ƙarfin irin waɗannan dBi 3 zuwa 5 ne, in ka ga 'yar eriya tsawon biro an rubuta 35dBi a ledarta, ƙarya ce tsagwaronta. Kuma tunda ramuka biyu ne a rauta, ka cika su duka. 4G da hanya biyu yake kwaso data lokaci guda, abin da suke kira MIMO, ko ka sayi eriya ɗaya mai kebul biyu ko ka sa biyu ka raba su da kamar kamu ɗaya ko fiye. Wasu rautocin sai ka shiga 192.168.8.1 ka zaɓi eriyar waje da hannunka, in ba haka ba ta ciki za ta ci gaba da amfani da ita kana can kana zagin mai shago.

Kebul, nan ne ake yanka mutane ba wuƙa. Siririn nan da ke zuwa da eriya mai araha, RG174, yana cinye sama da dB 1 a kowace mita a kan 1800, to lissafa, eriya ta ba ka 5 kebul mai mita 5 ya kwashe fiye da 5, ka tashi a tutar babu. Shi ya sa nake cewa rautar ce za ta matso kusa da eriya ba kebul ne zai bi ta ba, ɗaure ta a sama kusa da rufi ta ciki, mita ɗaya ko biyu ta isa, ai wayifai zai kai ko'ina a motar. LMR-200 ko 240 ya fi, LMR-400 mai kaurin yatsa mita goma kusan dB 2 kawai yake ci amma ba ya lanƙwasuwa yadda kake so. Kar kuma mai gyaran dish ya ce zai ƙara maka da nasa, na talabijin 75 ohm ne, naka 50. Kar ƙofa ta matse shi, bi da shi ta cikin robar ƙofa inda take da laushi. Mahaɗin da ke waje ka naɗe shi da salatif ɗin roba mai kama jikinsa, ruwan damina ɗaya ya shiga sai ka ga kan ya yi kore, ƙurar hunturu ma tana yin nata.

Eriya ta biyun ita ce mai fuskantar gefe ɗaya, yagi mai kama da eriyar talabijin ta da, ko mai kamar faranti, wannan sai an tsaya. A nan ne na ga abin mamaki. Wata kasuwa da nake zuwa duk mako, a cikin mota -118 nake gani, na ɗaure yagi a kan gora mai kamar mita huɗu na jingina da but, yarona yana juya ta a hankali ni ina kallon lamba. Juyi kaɗan, a tsaya daƙiƙa ashirin ko talatin, don lambar ba ta canzawa nan take. Da ta fuskanci wajen babban titi sai ga -103, alat ya fara shigowa kamar an ɓalle famfo, har masu POS biyu suka zo roƙon lambar wayifai. Tsawo ya fi komai a wannan aikin, mita biyu a sama kan fi eriya mai tsada a ƙasa. Amma don Allah ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka miƙe gora, kuma hadari na tasowa ka sauke ta.

To busta fa. Shi abu uku ne, eriyar waje, akwatin ƙara ƙarfi, da ƙaramar eriyar ciki mai sake watsa sabis ɗin ga wayoyi. Amfaninsa na gaske shi ne kiran waya da kuma mayar da magana zuwa turke, domin waya ƙarfinta bai wuce kamar wat 0.2 ba a 4G, sau da yawa tana jin turken shi ne ba ya jin ta. Sai dai yana ƙara hayaniya tare da sabis, kuma yawancin na mota hanya ɗaya gare su, ka rasa MIMO kenan, data na iya fin gudu a kan eriya zalla. In eriyar ciki da ta waje suka ji juna sai ya kama ihu irin na makirfo da aka kai gaban lasifika, mai kyau zai rage ƙarfinsa da kansa, na banza kuwa zai ci gaba har ya lalata wa duk unguwar sabis. Wannan ne ya sa hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fitar da gargaɗi a 2021 cewa sayarwa da amfani da busta ba da izini ba laifi ne, kamfanonin sadarwa masu lasisi ne ke da hurumin kafa shi. A Amurka inda ake sayar da busta irin su weBoost a fili, an ƙayyade na mota kar ya wuce dB 50, kuma wasu daga cikin band ɗinsu ba irin namu ba ne, ka sa a kawo maka ya zo ya zama ado. In har kana ganin sai da shi, fara tuntuɓar kamfanin layinka, 'yan Nijar kuma su duba ƙa'idar ARCEP, hukumar sadarwarsu. 'Yar sitikar nan da ake mannawa bayan waya wai tana jawo sabis, ita ko magana ma ba na ɓata mata.

Saura wuta da zafi. Rauta mai 12V za ta ci daga ramin sigari, amma direbobin tirela ku kula naku 24V ne, sai da na'urar rage wuta, kuma a sa fiyus, mai wayarin ɗin mota zai yi maka cikin rabin awa. Kar ka bar maifai a kan dashbod cikin ranar Afrilu, batirin kumbura yake har ya ɗaga murfi, kuma tun kafin nan gudun data ke raguwa in ya yi zafi. In kana wurin da 4G ɗin rauni gare shi amma yana nan, kulle rautar a kan 4G kaɗai don ta daina tsalle zuwa 3G tana dawowa, in ka shiga inda babu shi sam ka mayar da ita kan zaɓin kanta. Sannan duk ranar da za a wanke mota ka ɗaga eriyar ka goge ƙasan mayen ƙarfen, yashi na taruwa a wurin, tawa sai da ta zana min zobe a fenti kafin na ankara.