Zomo ya ƙi cin abinci: kurakuran da muke tafkawa

Yawancinmu a nan Jos kallon kaza muke wa zomo, shi ya sa idan ya ƙi cin abinci sai ka ji an ce "a bar shi zuwa gobe mu gani". To wannan goben ita ke kashe su. Hanjin zomo ba ya son tsayawa ko kaɗan, idan ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, maganar ta likita ce, a ranar, kuma mu da ke da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a kusa ai ba mu da hujjar cewa babu likitan dabbobi. Sannan zomo ba ya amai, duk abin da ya shiga ta baki sai dai ya fita ta baya, don haka masu cewa a hana shi abinci cikinsa ya huta, ƙara danne shi suke yi.

Tushen matsalar dai abinci ne. Kabeji da karas da latas suna araha a kasuwar Farin Gada, sai mutum ya cika buhu ya zube masa safe da yamma, ko ya haɗa shi da dusa da abincin kaji, yara kuma na cusa masa burodi da biskit wai suna sonsa. Karas zaƙi gare shi, ɗan yanki ya isa. Abincin zomo na gaskiya busasshiyar ciyawa ce, ingirici, ita ya kamata ta zama kusan kashi 80 cikin 100 na abin da yake ci, ita ke tura hanji kuma ita ke goge haƙora, don haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu. Harawa ma yana ci, amma ga babban zomo kar ta maye gurbin ciyawa. Idan za ka canza abinci bi a hankali, kamar sati ɗaya zuwa biyu. Da damina kuma ka sansana kafin ka ba shi, in ta yi funfuna zubar kawai.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne na kemis. A buɗe kafso na Ampiclox ko amoxicillin a zuba a ruwa kamar yadda ake wa kaji, wallahi wannan zai iya zama ajalinsa, domin yana kashe ƙwayoyin cikin hanji masu narka masa ciyawa, sai gudawa ta biyo baya. Haka ɗura manja ko kanwa, wannan dabarar masu awaki ce, bar musu kayansu.

Ɗura abinci ma sai an duba. Taɓa cikin tukuna a hankali, in ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana takure wuri ɗaya yana cizon haƙora, kar ka ɗura komai, ɗauke shi sai asibiti, ƙila toshewa ce. In cikin da laushi, jiƙa abincinsa na pelet, wato na kamfani mai ƙwayoyi-ƙwayoyi, da ruwan ɗumi ya zama kamar kunu, ka ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki kaɗan-kaɗan, yana zaune a kan ƙafafunsa, ba a kwantar da shi rigingine ba, kar ya shaƙe. Ka taɓa kunnuwa, in sun yi sanyi, musamman da hunturun nan namu, naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ka ajiye kusa da shi. Ruwan sha kuwa a ba shi a kwano ya fi, ka kuma sake shi ya ɗan zagaya tsakar gida.

Sai kashi, wanda mutane ke sharewa ba su duba ba. Idan ƙwayoyin sun fara ƙanƙancewa ko sun ragu, hanjin ya fara rage aiki ke nan tun kafin ya ƙi abinci. Wannan mai laushin da ke manne kamar 'ya'yan inabi ba gudawa ba ce, cinye abinsa yake yi, yana buƙatarsa. Gudawa ta ruwa kuwa, musamman ga ƙanana da aka yaye, ba ta jira, tafi da shi wurin likita tare da ɗan kashin a leda. Kuma ka ce likita ya leƙa haƙoran ciki, sau da yawa tsini ne ke yankar harshe, yana son ci ya kasa.