Yadda za ka gyara kunnenka da bakinka don jarrabawar Girkanci

Jarrabawar da aka fi sani ta tabbatar da iya Girkanci ita ce wadda Cibiyar Harshen Girka da ke birnin Tasalonika a Girka take shiryawa duk shekara a watan Mayu. Matakanta sun fara daga A1, wanda har da na yara 'yan shekara 8 zuwa 12, zuwa C2, kuma B2 ake nema ga baƙon da zai shiga jami'a a Girka. Ana gwada karatu da rubutu da saurare da magana. Biyun farko littafi na iya kai ka. Biyun ƙarshe sai an horar da kunne da baki kullum.

Fara da inda murya ke sauka a cikin kalma. Kowace kalmar Girkanci mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓa ɗaya da ake danna wa murya, kuma tana cikin gaɓoɓi ukun ƙarshe. Tun 1982 alama ɗaya tal ake ɗora wa wasalin, saboda haka rubutu ba ya ɓoye maka komai. Πότε, da nauyi a farko, yana nufin "yaushe". Ποτέ, da nauyi a ƙarshe, yana nufin "faufau". Γέρος tsoho ne, γερός kuwa ƙaƙƙarfa. Bahaushe ya saba da karin sauti da tsawon wasali, don haka yakan ba kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida, sai mai jarrabawa ya kasa gane kalmar da ya sani sarai. Duk sabuwar kalma ka rubuta ta da alamarta, ka faɗe ta da ƙarfi kana buga tebur a kan gaɓar mai nauyi. Sauran gaɓoɓin a taƙaice su.

Wasula ba su da wahala a baki: biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu. A rubutu ne sautin "i" ke zuwa da η ko ι ko υ ko ει ko οι. Baƙaƙe ne ke buƙatar aiki, amma wanda ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya ci rabin hanya. Θ shi ne ث, δ shi ne ذ. Χ da γ a gaban a, o, u suna kusa da خ da غ. A gaban e da i sai su yi laushi, γ ya koma kusan "y", kamar a γεια. Idan ka mai da θ "s" ko δ "z", ka bar harshe bayan haƙora ne. Fito da bakinsa tsakaninsu. Gwada θέμα da δέμα, wato maudu'i da ƙunshi.

Wanda tajwidi bai tanadar maka ba shi ne bambancin π da φ, domin Hausa harafi ɗaya take da shi a wurin. Πόνος ciwo ne, φόνος kisan kai. Ka ga ba kuskuren da za a so a yi a gaban likita ba ne. A π leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe, a φ haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Β ma "v" ne, ba "b" ba. Sautin "b" da μπ ake rubuta shi, "d" da ντ, "g" da γκ. Sai baƙaƙe masu haɗuwa a farkon kalma: σπίτι, ψωμί, ξέρω, χτες. Bakinmu yana son cusa wasali, σπίτι ta zama "sipiti", kalmar ta ƙara gaɓa. Ja "s" ɗin tukuna, sannan ka faɗo kan "piti", kana rage jan har su manne.

A fannin saurare, abin da ya fi rikita ɗalibi shi ne kalmomi suna narkewa cikin juna. Idan ν na ƙarshe ya haɗu da π ko τ ko κ, sai su koma b, d, g. Τον πατέρα ana jin sa "tom batera", την πόρτα "tim borta". Kalmar ka san ta, kunne ne bai taɓa jin ta a haka ba. Horon da ke magance wannan minti 20 ne a rana. Ɗauki sauti na minti ɗaya daga tsofaffin jarrabawa da cibiyar ta sa a shafinta na intanet. Saurara sau ɗaya ba tare da rubutun ba, ka faɗi wa ke magana, a ina, kan me. Sake saurara kana rubuta abin da ka ji jumla-jumla, sannan ka gwada da rubutun asali ka ja layi a duk inda ka yi kuskure. Daga ƙarshe bi mai maganar a guje, kana maimaita abin da ya faɗa da irin saurinsa. Maimaita sauti ɗaya kwana uku ya fi sauraron sababbi goma. Labaran ERT, tashar gwamnatin Girka, suna da amfani daga B1 zuwa sama. Hirar mutanen tsibirin Kubrus kuwa a jinkirta ta, karin harshensu daban ne.

A ɗakin jarrabawa ana kunna sauti sau biyu. Karanta tambayoyin kafin a fara, ka amsa a zagaye na farko, ka tabbatar a na biyu. Tarkon yakan kasance a lamba da lokaci. Bakwai na zuwa επτά ko εφτά, takwas οκτώ ko οχτώ, tara εννέα ko εννιά. Και μισή da rabi ne, παρά τέταρτο saura kwata. Mai magana kan ambaci lokaci ɗaya sannan ya sauya shi, don haka jira abin da ya biyo bayan αλλά da όμως, wato "amma". Kuma ναι, duk da yana kama da ƙi a kunnen wanda ya san Turanci, "i" na amincewa yake nufi.

Jarrabawar baki ana shigar da ɗalibai biyu-biyu gaban malamai biyu. Za a tambaye ka game da kanka, a ba ka maudu'i, sannan ku yi wasan kwaikwayo da abokin zamanka. Yi wa malamai jam'in girmamawa, γεια σας, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Kada ka haddace dogon jawabi. Da an sauya tambaya zai rushe, malaman kuma suna gane hadda daga muryarka. Haddace ƙananan madogarai: λοιπόν don samun numfashi, νομίζω ότι don ra'ayi, γιατί don dalili, συμφωνώ da διαφωνώ don amsa wa abokin zama. Kowace amsa ta zama ra'ayi da dalili da misali ɗaya. Idan ba ka ji tambaya ba, ce "Μπορείτε να επαναλάβετε, παρακαλώ;", wato roƙon a maimaita, maimakon shiru.

Sau biyu a mako ka naɗi muryarka a waya tsawon minti biyu kan iyali ko makaranta ko kasuwa. Da ka saurara, nemi abu ɗaya kawai: yau nauyin gaɓa, gobe jinsin suna da ο, η, το, jibi bambancin θα γράφω, rubutu mai ci gaba, da θα γράψω, rubutu sau ɗaya. Wata guda kafin jarrabawa ka samu abokin karatu ku riƙa yin wasan kwaikwayon da agogo a gaba, kuna musayar matsayi, yau kai ne mai kanti, gobe mai saye.