Yadda ake zaɓen baƙin mai, filta da fulogi kafin sabis

Kafin ka shiga shagon kayan mota a Gombe, rubuta shekarar motarka, irin injinta, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Corolla ta 2005 da ta 2010 'yan Amurka sunansu ɗaya, amma wajen filtar mai, ta farko ta gwangwani take sha, ta biyu kuwa ta takarda ce da ake zurawa cikin gidanta.

Wajen baƙin mai aka fi tafka kuskure. Duba murfin mai ko littafin motar, lambar kaurin mai da aka rubuta ita za ka saya. Corolla ta 2005 tana son 5W-30, kusan lita huɗu har da filta. Makanikai da yawa kan ce zafin watan Maris da Afrilu sai 20W-50. Zafin gari ba shi kaɗai ne ma'auni ba: injin mai lafiya kusan digiri 90 yake aiki, da hunturu ko da bazara. Mai kauri irin 20W-50 yana jinkirin isa saman inji da safe, kuma ƙananan hanyoyin mai na VVT-i, tsarin Toyota mai daidaita lokacin buɗe bawul, ba sa jure shi. A bar wa tsohuwar Peugeot 504 da injin da ya riga ya saki jiki 20W-50. A bayan galan nemi alamar ingancin mai ta API SN ko SP, ka tabbata hatimin murfi bai fashe ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ko kyauta ne kada ka karɓa. A buɗe galan a gabanka, bayan juye kuma a huda shi, don irinsa ake cikawa da gurɓataccen mai a sake sayarwa. Jira minti biyar bayan kashe inji ka zaro geji. Idan mai ya wuce layin sama, kumfa zai yi.

Filtar mai ta jabu ba ta da nauyi a hannu, robar da ke hana mai komawa ƙasa kuma ba ta riƙewa. Shi ya sa inji ke ƙara na ɗan lokaci idan aka tayar da shi da safe. A canza ta a kowane juye, kamar duk kilomita 5,000.

Fulogi kuwa, kwali ba shaida ba ne, domin fulogin kamfanonin NGK da Denso ne aka fi kwaikwaya. Sayi lambar da littafi ya faɗa, ka duba rubutun jikin farin tangaran: na jabu yakan karkace ko ya goge da farce. Fulogi mai bakin ƙarfen iridiyam na gaske yana kai kilomita 100,000, saboda haka idan an ba ka shi a kuɗin fulogi na gama-gari, ajiye musu kayansu.

Man giya ba a yi masa "duk ɗaya ne". Toyota masu giyar atomatik wasu T-IV suke sha, wasu WS. Honda tana da DW-1. Giyar CVT, wato atomatik marar matakan giya, nata man daban. Kuskure a nan yana jawo fizga da zamewar giya, gyaransa kuma ya ninka kuɗin man sau da yawa. Man birki DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar kwalba, domin buɗaɗɗiya tana shan danshi. Kada a haɗa su da DOT 5.

Ruwan rijiyar burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a lagireto. Zuba ruwan sanyaya inji wanda aka riga aka haɗa, irin wanda motar ta zo da shi.

Mai zirga-zirga a hanyar Dukku ko ƙauyukan Kumo da hunturu ya riƙa zaro filtar iska duk wata. Ɗaga ta ga rana: in haske bai ratsa ba, a canza. Hura mata iska mai ƙarfi a wurin mai faci yana yaga takardar, ƙurar ta wuce kai tsaye cikin inji.