Yadda nake samo masu saye a sana'ar ajiye shafukan intanet

Da na fara wannan sana'a a Kano, wato bai wa mutane hayar wurin da shafinsu zai zauna a intanet, na zuba kuɗi a tallan Facebook, shiru kake ji. Ashe mutanenmu sai sun ga idonka.

Fara da masu ƙera shafuka. Mutum ɗaya cikinsu zai iya kawo maka makaranta, asibiti da shagon atamfa a Kantin Kwari. Ka riƙa ba shi kamasho duk shekarar da wanda ya kawo maka ya sabunta biyan kuɗinsa, ba sau ɗaya ba.

In ka je wurin ɗan kasuwa, kada ka cika shi da zancen gigabait. Ce masa: "Alhaji, imel ɗinka zai fito da sunan shagonka." Nan take zai gyara zama. Haɗa masa komai a farashi guda, da naira: sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng, wurin ajiya, da makullin tsaro na Let's Encrypt mai kare bayanan masu shiga shafin, wanda dama kyauta ne, kada ka caje shi.

Sai WhatsApp. Ko da tsakar dare shafi ya tsaya, amsa. Ni wata guda kafin wa'adin sabuntawa ya cika nake kiran kowa da bakina, don ba kowa ke buɗe saƙon tunatarwa ba.