Yadda ake horar da hanci ya dawo da jin ƙamshi bayan mura ko korona

Wanda hancinsa ya daina jin ƙamshi yakan zo da kukan cewa bakinsa ne ya mutu. Tuwo ba daɗi, shayi ya koma ruwan zafi da sukari, kilishi kamar ana tauna fata. Uwar gida ta ɗanɗana miya ta ƙara daddawa, ta sake ƙarawa, har mutanen gida su kasa ci. Alhali sau da yawa harshen lafiya lau yake. Abu biyar harshe ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da ɗanɗanon romo, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908 ya kira shi umami. Sauran daɗin abinci, abin da ya raba fura mai citta da kanunfari da farau-farau, ƙamshi ne da ke tashi daga bayan baki ya hau hanci ta ciki lokacin tauna da haɗiya. In hanci ya rufe, wannan kason duka ya tafi.

Saboda haka aikin farko shi ne a san wanne ne ya samu matsala.

Gwajin harshe

Ka samu kofi huɗu, kowanne da ruwa mililita 100, wato wajen rabin kofin shan ruwa. Na farko ƙaramin cokali biyu na sukari, na biyu ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, na uku ka matse rabin lemun tsami, na huɗu ƙaramin cokali ɗaya na Nescafé ba sukari. Ka rufe ido, ka toshe hanci da yatsu, wani ɗan gida ya ba ka a cokali ba tare da ya faɗa maka wanne ba ne. A kurkure baki da ruwa tsakanin kowanne. Kada a wahala wajen neman gaban harshe ko gefensa. Zanen nan da ake koya wa yara a lakwal, wai zaƙi a gaba ɗaci a baya, kuskure ne, duk inda ƙwayoyin ɗanɗano suke suna jin duka biyar. In ka gane huɗun nan, harshenka na aiki, matsalar tana hanci. In ka kasa gane ko da gishiri, wannan wata magana ce, sai lokotoro.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su fara horon nan na sansanar ƙamshi kullum ba sai an duba su a likita: wanda hancinsa ɗaya ne kawai ke toshewa kullum, wanda ke haɓo ko majina mai jini, wanda ya rasa jin ƙamshi bayan ya bugu a kai, kamar faɗuwa daga kabu-kabu, da dattijon da abin ya zo masa sannu-sannu ba mura ba komai, musamman in hannu ya fara rawa. Haka wanda hancinsa ke toshe wata da watanni. In tsiro ne ko kumburi ya tare hanya, iska ba ta kaiwa inda ake jin ƙamshi, kuma sansanar kanunfari ba za ta buɗe ta ba. Lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, shi ke leƙa ciki ya gani.

Abin da ya sa horon ke aiki

Can saman kogon hanci, kusa da tsakanin idanu, akwai ɗan fili da ƙwayoyin jijiyar ƙamshi suke. Zare-zarensu suna ratsa wani ƙashi mai ƙananan huda kamar rariya su shiga ƙwaƙwalwa. Ɗan adam yana da wajen iri 400 na masu karɓar ƙamshi a kan waɗannan ƙwayoyi. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano danginsu a 1991, suka samu kyautar Nobel a 2004. Abin da ya shafe mu shi ne ƙwayoyin nan suna mutuwa suna sake haihuwa duk tsawon rayuwa, abin da yawancin jijiyoyi ba sa yi. Bayan cuta ta lalata wurin, sababbi suna fitowa, sai dai kowace sabuwa dole ta nemi hanyarta zuwa ƙwaƙwalwa. Sa su aiki kullum da ƙamshi sananne yana taimaka wa wannan haɗuwa.

Farfesa Thomas Hummel na Dresden a Jamus ne ya fitar da tsarin a 2009: ƙamshi huɗu, sau biyu a rana, mako 12. Kusan mutum uku cikin goma na waɗanda suka yi horon sun samu ci gaba da aka iya aunawa, fiye da waɗanda ba su yi ba. Ba kowa ke warkewa ba ke nan, amma abu ne da ba ya cutarwa kuma ba ya cin kuɗi, kuma ya fi amfani ga wanda ya rasa jin ƙamshi bayan mura ko korona.

Haɗa kwalabe: nan ne aka fi lalata aikin

Huɗun da Hummel ya yi aiki da su su ne wardi, lemu, kanunfari da ekaliptus, wanda muke kira itacen turare. An zaɓe su ne don kowanne ya tsaya wa dangi dabam: na fure, na ƴaƴan itace, na kayan yaji, na ƙaro. Ba dole sai man da aka tace daga Turai ba, wanda ƴar kwalbarsa kan ci jika da yawa. Ɗan kanunfari kaɗan daga kasuwa ya ishe ka wata guda. A daka shi sama-sama, kada ya zama gari, don kada a shaƙe shi ya tafi cikin hanci. Lemu, ɓawon lemun tsami ake kankarewa, koren kawai, domin man ƙamshin yana cikin ɓawo, ruwan ba shi da ƙarfi. Ganyen itacen turare ɗanye, a murtsuke uku ko huɗu. Wardi kuwa, turaren wardi na mai wanda ba a gauraya ba, ɗigo huɗu ko biyar a kan auduga.

Humra da turaren wuta ban yarda da su ba a wannan aiki. Humra haɗi ce ta abubuwa da yawa, kuma ta wannan gida dabam da ta wancan, ba za ka san me kake ji ba. Turaren wuta hayaƙi ne, yana ƙara fusata hancin da bai gama warkewa ba.

Kwalba ta gilashi, ƙarama, mai faɗin baki da murfi mai rufewa gam. Ƙarama, domin ƙamshin ya taru ya yi ƙarfi a ɗan wuri; binciken da aka yi a Jamus a 2014 ya nuna ƙamshi mai ƙarfi ya fi mai rauni amfani. Roba ba ta yi, tana shan wari tana riƙewa. Tsohuwar kwalbar mayonez ko ta man shafawa, ko an wanke ta da omo, murfinta na riƙe da warin da, kuma kai da ba ka ji ba za ka sani ba. A tafasa kwalbar, a shanya ta bushe sarai, a ba mai lafiyar hanci ya sansana kafin a zuba komai. A rubuta suna a ƙasan kwalbar, ba a gefe ba, za ka ga dalili a gaba.

To ga babban kuskuren. Mutum ya haɗa kwalabe ranar farko, ya ajiye su a bakin taga ko saman talabijin, ya yi ta sansana wata biyu, ya ce babu amfani. A zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, ƙamshin ya tsere tun makon farko. Ɓawon lemu ya bushe ko ya yi funfuna cikin kwana biyu. Shi kuma mai horon ba shi da hancin da zai gaya masa, kwalbar wofi yake sansana. Don haka ɓawon lemu da ganyen turare a sake su duk kwana biyu, kanunfari duk mako biyu, audugar wardi a ƙara mata ɗigo duk mako. A ajiye kwalaben a inuwa, gindin randa ya fi ko'ina in ba firigo. Kuma a ɗora wa mutum ɗaya a gida, yaya ko ƙanwa ko matar gida, alhakin buɗe su kowace Juma'a ya sansana ya ce wannan da sauransa, wannan ta mutu. In ba a samu wannan mutumin ba, rabin aikin ya tafi a banza.

Yadda ake sansanawa

Sau biyu a rana. Ɗaure shi da salla ya fi sauƙin riƙewa: bayan Asuba kafin karin kumallo, da bayan Isha'i. Cikin azumi a mayar da shi kafin cin sahur da kuma ɗan lokaci bayan shan ruwa. Kada a yi shi nan take bayan cin abinci, ko shan shayi, ko taba, kuma kada a yi a madafa ko ɗakin da aka turara.

Lokacin hunturu, da ƙura ke bushe hanci ya yi ɓawo, a fara wanke shi da ruwan gishiri na farmasi. Mai son haɗawa da kansa, giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ruwan da ba a tafasa ba kada ya shiga hanci. A fyace a hankali, a jira minti goma.

Ka zauna, ka buɗe kwalba ɗaya kawai, ka riƙe ta wajen yatsa biyu a ƙasan hanci, kada ta taɓa fata. Gajerun shaƙa a jere, marasa ƙarfi, kamar kyanwa na sansanar kwano. Sabon shiga yakan zuƙa da ƙarfin tsiya har ƙirji ya cika, yana ganin ƙarfi zai tilasta wa ƙamshin shiga. Abin da yake samu jiri ne da bushewar hanci. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa. Wuce haka ba ya ƙara komai, domin ko lafiyayyen hanci yana gajiya da ƙamshi ɗaya ya daina jinsa, shi ya sa mai sayar da turare ba ya jin shagonsa. Rufe kwalbar, ka shaƙi iska ta rabin minti, sannan ta biyu. Duka huɗun ba su kai minti biyar ba.

Hankali kuma dole ya kasance a wurin. A ajiye waya, a kashe rediyo. Kana riƙe da kanunfari, ka kira ƙamshinsa a zuciya kamar yadda ka san shi, a fura ko a kunun zaƙi ko a shayin da aka dafa da shi. Ko ba ka ji komai ba ka ci gaba da neman sa, domin ƙwaƙwalwa tana cikin abin da ake horarwa. Wannan ne ya sa abin da ka tashi da shi tun yarinta ya fi baƙon turare da ba ka taɓa sani ba. Wanda bai san wardi ba ya ɗauki wani turaren fure guda ɗaya da ya saba da shi.

Aunawa, da ci gaban ƙarya

A samu kaye na rubutu. Sau ɗaya a mako, ba kullum ba, a ba kowace kwalba maki daga 0 zuwa 5. Aunawa kullum karya zuciya take, domin abin yana hawa yana sauka. Ranar aunawa ka rufe ido, ɗan gida ya miƙa maka kwalaben a hargitse, har da wata ta biyar da babu komai cikinta sai auduga. Ka faɗi suna, a juya ƙasan kwalbar a duba.

Wata jijiya ta fuska, da lokotoro ke kira tirijumo, ita ke jin yajin barkono, sanyin mantalata da zafin albasa a ido. Ba ta cikin jijiyar ƙamshi kuma yawanci cutar ba ta kashe ta. Don haka za ka iya jin sanyi-sanyin ganyen turare tun ranar farko ka ɗauka ka warke. Wardi ne alƙali, domin shi kusan ba ya taɓa wannan jijiya. Ranar da ka gane wardi da ido rufe, kuma ka bambanta shi da kwalbar wofi, abin ya fara dawowa da gaske.

Wajen wata na biyu ko na uku wasu kan fara jin abubuwa a karkace: albasa, nama soyayye, kofi ko tafarnuwa su riƙa warin ƙonewa ko ruɓa. Sunansa farosmi. Yana da tayar da hankali har mutum ya ƙi abinci, amma sau da yawa alama ce sababbin ƙwayoyi sun fara kai saƙo, bai daidaita ba ne tukuna. Nan ne mutane da yawa ke daina horon, kuma nan ne ya kamata a riƙe. Abinci mai sanyi ya fi ciwuwa a wannan lokaci, fura da nono ko shinkafa da ta huce, saboda tururi ne ke ɗauke da warin.

Bayan mako 12 a canza huɗun. Binciken Aytuğ Altundağ da abokan aikinsa a Turkiyya a 2015 ya nuna canza ƙamshi duk mako 12, har mako 36, ya fi tsayawa kan huɗu ɗaya. Citta, na'ana'a, ɓawon lemun zaƙi da kirfa sun yi. Zagaye na uku ganyen shayi, kimba, sitronel da gyaɗa soyayya. Kada a ɗura mai, garin magani ko taba a hanci, kuma maganin ɗigawa mai buɗe hanci kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, in ya wuce shi da kansa ke toshe shi.

Kafin hancin ya dawo, wani ne zai riƙa duba maka butalin gaz da tiyonsa da ruwan sabulu, ya sansana maka miyar kwana da nono kafin ka ci, kuma ko hancin ya dawo kada ka kwana ɗaki rufe da garwashi. In an yi wata shida ana yi daidai, kwalabe da ransu, maki bai motsa daga sifili ba, a ɗauki kayen a kai wa lokotoron ORL ya gani.