Kada "da sauƙi" ta ruɗe ku

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, musamman ƙannenmu da suka fara aiki a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. In an kwantar da dattijo daga unguwar Aboabo ko Asawase, kuka ce "Baba, ya jiki?", amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, Alhamdulillahi," ko da ciwo na cin sa. Kunya ce da dauriya irin ta manya.

Don auna ciwon, ku ba shi lamba ya zaɓa daga 0 zuwa 10: 0 babu ciwo, 10 ciwon da bai taɓa jin irinsa ba. Ku tambaye shi: a ina ciwon yake? Suka ne, ƙuna ko murɗa? Yana hana barci, ko ruku'u? Wanda ba ya iya magana, ku lura da nishi, yamutsa fuska da yadda yake dafe wurin.

Bayan maganin sha, ku dawo cikin awa ɗaya ku sake tambaya, ku rubuta. Paracetamol kada ya wuce giram 4 a rana ga babba. Diclofenac kuwa, a yi hattara da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Mai sikila in ya ce 9, ku yarda da shi, ku sanar da likita nan take.