Yadda Ake Gardamar Musayar 'Yan Wasan NBA a Majalisa

Kafin ka buɗe baki, ka ajiye tunanin ƙwallon ƙafa a bakin ƙofa. Mu nan Jidda da shi muka saba: Hilal ta ga Neymar a 2023, ta zube wa PSG kuɗi, ta ɗauko shi. A NBA, gasar ƙwallon kwandon Amurka, ba a sayen ɗan wasa haka. Harkar ba ni gishiri in ba ka manda ce: ɗan wasa da ɗan wasa, a haɗa da damar zaɓen sababbin matasa masu shigowa gasar.

Saboda haka idan ƙaninka ya turo maka a WhatsApp cewa Lakers ta ba da wane da wane ta karɓo Giannis, ɗaya daga manyan taurarin gasar, kada ka fara da "wa ya fi wa". Ka ce masa, "Ƙanena, kawo albashinsu mu gani." Gasar tana da iyakar albashi, wadda a kakar 2024-25 ta kai kusan dala miliyan 140.6, kuma yawancin ƙungiyoyi sun haura ta. Wadda ta haura, dole albashin da take fitarwa ya yi kusa da wanda take karɓa. Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da 'yan wasa ma ta ƙara matse masu kashe kuɗi fiye da kima, har an hana su haɗa albashin mutum biyu don karɓo ɗaya. Yawancin shawarwarin da ake kawowa majalisarmu bayan isha'i a nan suke mutuwa, tun shayi bai huce ba.

In ta tsallake wannan, sai ka koma kan shekaru da kwantiragi. Ɗan wasa mai shekara 25 da saura shekara huɗu a takardarsa ba ɗaya yake da mai 33 da zai iya tafiya a ƙarshen kaka ba, ko da makinsu ɗaya. Amma kada ka mai da wannan doka. A 2018 Toronto ta ba da DeMar DeRozan, wanda garin ke ƙauna, ta karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio da saura shekara ɗaya tak. Kawhi ya ci musu kofi a 2019, ya tattara ya koma Clippers. Ni a wajena Toronto ba ta yi asara ba, domin kofin take nema kuma ta samu. Tambayar ita ce: ƙungiyar nan bana take so ta ci, ko gini take yi?

Inda na fi son a daɗe shi ne damar zaɓe, don a nan matasanmu suka fi yin sakaci. Suna lissafa ta kamar gyara ce da ake ƙarawa a kan ciniki. A 2013 Brooklyn ta karɓo Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston, dukansu shekaru sun ja, ta ba da zaɓenta na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar Boston ta musanya zaɓenta na 2017 da na Brooklyn. Brooklyn ta durƙushe, kuma a tsarin gasar na lokacin wanda ya fi shan kashi shi ya fi kusa da zaɓen sama, wato damar fara ɗaukar matashi kafin sauran. Daga nan Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka ɗaga mata kofi a 2024. Haka Clippers a 2019: don Paul George ta ba Oklahoma zaɓe biyar da wani yaro Shai Gilgeous-Alexander. A 2025 yaron nan ya zama gwarzon gasar, Oklahoma kuma ta ci kofi. To idan aka ce maka "zaɓe uku", ka tambaya na wace ƙungiya ne, na wace shekara, kuma yaya ƙungiyar za ta kasance a lokacin. Ka kuma tuna ba a yarda ƙungiya ta rabu da zaɓen zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa a jere ba.

Maki kuwa, a yi hattara da shi. Wasannin nan ƙarfe uku ko huɗu na dare suke kamawa a wajenmu, na yammacin Amurka wani lokaci sai bayan asuba, don haka da yawanmu guntun bidiyo kawai muke gani. Guntun bidiyo ba ya nuna tsaron gida, ba ya nuna wasa nawa mutum ya zauna saboda rauni. Ka duba wannan kafin ka rantse.

In kana son gwada kanka, ɗauki musayar Fabrairun 2025. Dallas ta ba Lakers Luka Doncic mai shekara 25, wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 2024, ta karɓi Anthony Davis mai 31, da Max Christie, da zaɓe ɗaya na 2029. Albashi ya daidaita, wannan ba magana. Shekaru ba su goyi bayan Dallas ba, zaɓe ɗaya ya yi kaɗan in ka tuna abin da aka biya don Paul George, Davis kuma ya ji rauni a wasansa na farko. Wani dattijo a majalisa zai ce ai Dallas ta samu Cooper Flagg, matashin da aka fara zaɓa a 2025, daga baya. Ka ce masa, "Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ƙuri'a ce ta faɗo musu da damar kashi 1.8 cikin ɗari, ba ya cikin abin da Lakers ta biya."